Idan Zagayen PLC Ya Yi Nauyi: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar Har a Kamo Ta

Ana kiran mai gyara ne da ɗaya daga cikin maganganu uku: "injin ya yi sanyi," ko "sensa tana tsallake kaya," ko kuma "jar fitila ta kama, komai ya tsaya cik." Duk ukun ana ɗora wa PLC laifinsu, wato kwamfutar da take sarrafa injin, kuma abin da hannu yake fara ƙaiƙayin yi shi ne a buɗe saituna a ƙara wa agogon maigadi, mai tsayar da PLC idan ta yi jinkiri, lokaci don injin ya tashi. Injin zai tashi kuwa, amma ciwon yana nan. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne kada ka taɓa layi ko ɗaya na manhajar sai ka auna, ka san wane irin jinkiri kake fama da shi, kuma a ina lokacin yake zurarewa.

PLC ba ta yin aikinta gaba ɗaya a lokaci guda. Zagaye take yi. Takan karanta halin da ƙofofin shiga, inda sensoshi suke haɗe, suke ciki ta adana hotonsu, ta bi manhajar daga sama zuwa ƙasa, ta aika sakamakon zuwa ƙofofin fita, ta ɗan kula da sadarwa da binciken lafiyar kanta, sannan ta koma farko. Tsawon wannan kewaye guda shi ne lokacin zagaye, kuma da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A gefe akwai agogon maigadi, wanda aikinsa kawai ya tsayar da na'urar idan zagaye ɗaya ya wuce iyakar da aka sa masa. A CPU, wato ƙwaƙwalwar PLC, ta Siemens S7 iyakar da ake tararwa daga masana'anta milisakan 150 ce, a Logix na Rockwell kowane aiki yana zuwa da milisakan 500, a FX da Q na Mitsubishi kuwa milisakan 200.

Mataki na farko: wane jinkiri ne?

Abubuwa uku ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Akwai lokacin zagayen PLC da muka faɗa. Akwai lokacin amsawa, wato daga sa'ad da sensa ta ga abu zuwa sa'ad da bawul ya motsa. Akwai kuma lokacin da injin yake ɗauka ya gama kaya ɗaya ya ɗauki na gaba, wanda da sakan ake ƙirga shi.

Sau da yawa za ka tarar zagayen PLC milisakan 8 ne, lafiyarsa ƙalau, amma injin ya ƙara sakan biyu a kan kowane kaya. Wannan ba aikin manhaja ba ne. Ka je ka duba matsin iska, ka duba silindar da robarta ta ci, ka duba ko wani ya rage gudun moto a jikin inbata, na'urar da take daidaita gudunsa, ko ya ƙara wa wata taima lokaci daga allon HMI, wanda ma'aikaci yake sarrafa injin da shi, don ya rufe wata matsala ta daban. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce ka kwatanta girman abin da aka rasa da girman zagayen. Idan an rasa sakan biyu kuma zagayen bai kai milisakan 10 ba, ka rufe laftof ka ɗauki sufana.

Amma akwai inda biyun suke haɗuwa, kuma mutane da dama ba sa lura da shi. Injin da aka rubuta masa aiki mataki-mataki yana cin aƙalla zagaye ɗaya a kan kowane sauyin mataki. A ce matakan 40 ne. Idan zagayen milisakan 10 ne, abin da ake kashewa wajen sauya matakai sakan 0.4 ne. Idan zagayen ya kumbura ya kai milisakan 35, ya zama sakan 1.4. Injin da yake gama kaya a sakan 12 ya koma 13, daga kaya 300 a awa ya sauko wajen 277, alhali maigadi bai taɓa yin ƙara ba domin 35 ko kusa da 150 bai je ba. Irin wannan asarar ce take daɗewa ba a gano ta ba.

Mataki na biyu: ajiye kwafi, sannan ka auna

Ka ɗauko kwafin abin da yake cikin na'urar a yanzu, ka ajiye shi da kwanan wata, ka kwatanta shi da kwafin da ake cewa shi ne na ƙarshe. Bambancin da ke tsakaninsu shi kaɗai yakan ba da amsa.

Daga nan sai awo. Yawancin na'urori suna riƙe da lambobi uku: zagayen yanzu, mafi gajarta, da mafi tsawo. A TIA Portal, manhajar tsara PLC ta Siemens, suna cikin shafin binciken CPU idan kana haɗe da ita. A Studio 5000, ta Rockwell, ka buɗe bayanan kowane aiki za ka ga zagayen ƙarshe da mafi tsawo, kuma kana iya ɗauko su cikin manhaja da umarnin GSV, a ma'aunin mikirosakan. A CODESYS, wata manhajar tsara PLC, suna cikin shafin sa ido na tsarin ayyuka, har da matsakaici da yawan kaucewar lokaci. A FX na Mitsubishi rajista D8010 ce take riƙe da na yanzu, D8011 mafi gajarta, D8012 mafi tsawo.

Ka share lambar mafi tsawo kafin ka fara, domin wataƙila tun ranar da aka loda manhaja ta hau can ta zauna. Sannan ka bar injin ya yi aikinsa na gaske, da kaya a kansa, da dukkan allunan HMI a kunne. Kada ka amince da matsakaici. Zagayen da matsakaicinsa milisakan 12 ne amma yake tsalle zuwa 140 sau ɗaya a minti ya fi haɗari a kan wanda yake zaune daram a 30.

Abu ɗaya da za ka kiyaye: kai kanka kana ƙara wa na'urar nauyi. Buɗe bulok da yawa, wato sassan manhajar, kana kallon yadda suke gudana, ko teburin sa ido mai ɗaruruwan layuka, duk aiki ne a kan CPU. Ka auna da su a buɗe, ka rufe su ka sake aunawa. Mafi kyau ma ka sa manhajar ta riƙa adana lokacin kowane zagaye da ya wuce wata iyaka, tare da sa'ar da abin ya faru da lambar matakin da injin yake kai, sannan ka cire laftof ɗin ka dawo bayan awa biyu.

Mataki na uku: karanta siffar lambobin

Yadda lambar take hawa yana nuna inda za ka nufa.

Idan zagayen yana da tsawo kullum, ba hawa ba sauka, to nauyin na dindindin ne: manhajar ta yi yawa, ko ayyukan da suke katse mata hanzari sun cinye lokacin, ko an ba sadarwa kaso mai yawa. Idan kuwa tsalle yake yi a kan ƙa'ida, duk sakan ɗaya ko duk minti ɗaya ko duk sauyin ma'aikata, ka nemi abin da yake gudana a kan wannan ƙa'idar, kamar adana bayanai, lissafin rahoto, ko wata kwamfuta da take zuwa kwasar bayanai. Idan tsallen yana bin wani abu da injin yake yi, kamar sauya nau'in kaya ko karanta lambar jikin kwali, laifin yana cikin sashen da yake kula da wannan aikin. Idan kuma a hankali yake hawa kwana bayan kwana har sai an kashe an kunna, akwai wani jeri da yake cika ana kuma bincika shi tun daga farko a kowane zagaye. Wanda yake zuwa babu ƙa'ida ko kaɗan, yau sau uku gobe babu, galibi daga waje yake: waya mai lasar wuta, na'urar da take faɗuwa daga netwok tana dawowa, ko hayaniyar lantarki.

Don wannan na ƙarshen, ka buɗe kundin tarihin kurakurai na CPU ka karanta shi da natsuwa. A Siemens, tashar da take ɓacewa tana dawowa tana kiran bulok mai suna OB86, kuskuren modul yana kiran OB82, neman adireshin da babu shi yana kiran OB122, kuskuren manhaja kuma OB121. Mutane sukan loda waɗannan bulok ɗin babu komai a cikinsu don kada CPU ta tsaya, sai kuskuren ya riƙa aukuwa a kowane zagaye shekara da shekaru ba wanda ya sani, kowane kira kuma yana cin nasa lokacin. Idan ka ga kundin ya cika da saƙo iri ɗaya cikin 'yan sakanni, ka gano bakin zaren.

Kuma ka tambayi ma'aikata abin da ya canja. Ruwa ba ya tsami banza. PLC ba ta tsufa ta rage gudu kamar moto, umarnin da take yi a mikirosakan ɗaya bara haka take yin sa bana. Idan zagayen ya ƙaru, wani abu aka ƙara: sabon allo, sabuwar inbata, sabon rahoto da ofis ya nema, ko sabunta manhajar cikin na'urar.

Mataki na huɗu: masu katse hanzari

A nan na fi so ka daɗe, domin a nan ne lissafi yake ba mutane mamaki.

Ban da babban zagaye, akwai ayyukan da suke tashi a kan lokaci tsayayye ko idan wani abu ya faru. A Siemens su ne irin su OB30 zuwa OB38 masu tashi a kan lokaci, da OB40 mai tashi idan wata ƙofa ta motsa. A Logix akwai aiki mai gudana kullum, da masu lokaci, da masu jiran aukuwa, kuma ana ba su matsayi daga 1 zuwa 15, lamba 1 ita ce gaba da kowa. Duk sa'ad da ɗayansu ya tashi, babban zagaye yana tsayawa ya jira, kuma wannan jiran a kansa ake lissafa shi.

Ka rubuta kowane aiki a takarda da lambobi biyu: duk milisakan nawa yake tashi, kuma milisakan nawa yake ci. Ka raba na biyu da na farko. A ce akwai aikin da yake tashi duk milisakan 10 yana cin 4, ya kwashe kashi 40 cikin 100 na ƙarfin CPU. Akwai wani mai tashi duk milisakan 2 yana cin rabin milisakan, shi ma kashi 25. Jimla 65. Abin da ya rage wa babban zagaye kashi 35 ne kacal. Idan babbar manhajar ita kaɗai milisakan 20 take buƙata, sai ta ɗauki wajen 57. Mai gyara zai yi ta tonon babbar manhajar yana neman ɓarawo, alhali ita ba ta da laifi.

Yanzu ka tambayi kanka ko aikin farkon nan yana buƙatar milisakan 10 da gaske. Sau da yawa za ka tarar PID ce, wato lissafin da yake riƙe abu a kan ma'aunin da ake so, ta zafin wani tanki da yake ɗaukar mintuna kafin ya ƙaru da digiri ɗaya. Idan ka mayar da shi duk milisakan 50, kasonsa ya sauko zuwa 8, jimla ta koma 33, babban zagaye ya dawo wajen milisakan 30, ba tare da ka goge layi ko ɗaya ba. Sai dai idan ka canja lokacin aikin da PID take ciki, ka tabbata lokacin ɗaukar samfur da ke cikin saitin PID ɗin ya bi sabon lokacin, in ba haka ba lissafinta zai karkace. Kuma ka leƙa cikin aikin mai sauri ka ga abin da aka cusa masa. Mutane sukan jefa sabon abu a duk inda suka ga wuri, sai ka ga lissafin awannin aikin moto yana gudana sau 500 a sakan.

A Logix ka duba ƙidayar haɗuwar aiki da kansa, wato sau nawa lokacin tashinsa ya yi alhali bai gama na baya ba. Lambar nan ya kamata ta zauna a sifili. Idan tana hawa, aikin yana tsallake wasu tashin, kuma duk lissafin da ya dogara da tsayayyen lokaci ya riga ya gurɓace. Aikin da ƙofa take tayarwa kuwa, ka sa masa ƙidaya ka gani ko yana tashi daidai da yawan kayan da suke wucewa. Idan kaya 60 ne a minti amma ya tashi sau 4,000, wayar sensar tana kwasar hayaniya, mai yiwuwa an shimfiɗa ta kusa da kebul ɗin inbata.

Mataki na biyar: sadarwa

A Siemens akwai saitin da yake iyakance kason da sadarwa za ta iya ci. A S7-300 da S7-1200 ana tarar da shi a kashi 20, a S7-1500 kuwa a kashi 50. Lissafinsa kai tsaye ne: idan sadarwa ta cinye kasonta duka, ka raba 100 da kason da ya rage, ka ninka zagayen da amsar. A kashi 20 ya ƙaru da rubu'i, a kashi 50 ya ninka. Rage kason yana gajarta zagaye, amma allon HMI zai yi nauyi wajen amsawa, don haka ba kyauta ba ce, musaya ce. A Logix na 5570 da waɗanda suka gabace shi akwai makamancin saitin, shi ma a kashi 20, inda aiki mai gudana kullum yake yin milisakan 4 ya ba sadarwa 1. A 5580 da 5380 an raba sadarwa zuwa wani sashe na daban na masarrafar, saitin ma babu shi.

Kafin ka taɓa kason, ka rage abin da ake nema. Ka lissafa duk wanda yake magana da PLC ɗin: alluna nawa, kwamfutar SCADA mai sa ido a kan masana'anta, mai tara tarihi, sabar OPC UA mai miƙa bayanai ga wasu kwamfutoci, da wasu PLC. Gwajin da ya fi sauri shi ne ka cire su ɗaya bayan ɗaya, idan yanayin aiki ya ba da dama, kana kallon lambar. Abin da aka fi samu shi ne allon da aka sa ya riƙa karanta dubban bayanai duk milisakan 100, har da waɗanda ba sa kan shafin da ake kallo. Idon mutum ba ya buƙatar ganin zafin tanki sau goma a sakan. Ka mayar da yawancinsu sakan ɗaya, ka tara bayanan da ake karantawa tare cikin jeri ɗaya maimakon a warwatse.

Haka saƙonnin da PLC ɗin take aikawa da kanta. Umarnin aika saƙo da aka bari yana sake tashi da zarar ya gama yana cika layi ba gaira ba dalili. Ka sa masa taima, ka jera su bi da bi. A netwok na EtherNet/IP ka duba RPI na kowane modul, wato duk milisakan nawa ake musayar bayanansa, domin modul ɗin auna zafi ba shi da abin yi da milisakan 2. Sannan ka duba netwok ɗin kansa. Kebul guda da aka soka kansa biyu a suwic mara saiti yana iya haddasa ambaliyar saƙonni da za ta shaƙe tashar CPU.

Mataki na shida: cikin manhajar

Sai yanzu muka iso inda yawancin mutane suke farawa. Kada ka karanta manhajar layi-layi kana zato. Ka auna ta sashe-sashe. A S7-1200 da S7-1500 umarnin RUNTIME yana ba ka lokacin da ya wuce tsakanin kira biyu, sai ka sa ɗaya kafin bulok ɗaya bayansa. A sauran na'urori ka karanta agogon ciki kafin da bayan sashen ka cire. Ka raba manhajar biyu ka ga wane rabi ne ya fi ci, ka sake raba shi biyu, haka har ka isa kan bulok ɗin. Ka adana mafi tsawon kowane sashe, ba na ƙarshe kawai ba. Kusan kullum bulok biyu ko uku ne suke cin mafi yawan lokacin.

Ina gargaɗinka da babbar murya a kan wata dabara da ake yawan yi, wato tsallake sashe gaba ɗaya don a ga ko zagayen zai ragu. Sashen da aka daina kira ba ya kashe abin da ya kunna. Ƙofar da take kunne tana nan kunne, moto yana ci gaba da juyawa, kuma layin da zai tsayar da shi ba ya gudana. Kada ka yi wannan a injin da yake aiki da mutane a kusa. Manhajar kariya kuwa, mai kula da maɓallin gaggawa da ƙofofin shinge, ba a taɓa ta don neman gudu. Tana da nata agogon da nata ƙa'idar, kuma duk canji a cikinta sai an sake gwada ta an tabbatar.

Babban mai laifi shi ne madauki, wato umarnin da yake maimaita aiki ɗaya sau da yawa. FOR ko WHILE yana gama dukkan kewayensa a cikin zagaye ɗaya, PLC ba ta motsawa gaba sai ya ƙare. Jera abubuwa 1,000 ta hanyar kwatanta kowanne da kowanne yana buƙatar kwatance kusan 500,000. Ko da kowanne mikirosakan ɗaya ne, rabin sakan ke nan, maigadi ya daɗe da yin ƙara. Maganinsa uku ne. Ka yi aikin sa'ad da bayanan suka canja kawai, ba kowane zagaye ba. Ka rarraba shi, abu 50 a kowane zagaye, ka riƙe inda ka tsaya, a zagaye 20 ka gama. Ko ka canja hanyar: jerin da yake a tsare ana samun abu a cikinsa da kwatance wajen goma idan ana raba shi biyu-biyu, maimakon dubu. WHILE da yake jiran wata sensa ta canja kuwa kuskure ne tsantsa, domin a na'urar da take karanta ƙofofi sau ɗaya a farkon zagaye, hoton ba zai taɓa canjawa ba yana cikin madaukin.

Na biyu shi ne kwafe manyan bayanai. Duk sa'ad da ka miƙa wa bulok babban jeri a matsayin abin shiga, akwai yiwuwar ana kwafe shi gaba ɗaya a kowane kira. Miƙa shi ta ƙofar shiga-da-fita ta bulok ɗin (InOut) yakan sa a ba da adireshinsa kawai. A S7-1500 akwai tarko na musamman: idan bulok mai kira da wanda ake kira ba su da saitin adana bayanai iri ɗaya, ɗaya na sabon tsari ɗaya na tsohon tsari, CPU tana kwafe bayanan ta juya su ko da ta wannan ƙofar ka bi. Manhajojin da aka ɗauko daga S7-300 aka juya su sun cika da irin wannan.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. A Logix nau'in lamba DINT ne na asali, lissafi da INT ko SINT yana sa a juya lambar kafin da bayan kowane umarni. Sarrafa rubutu, haɗa shi da yanka shi da bincika shi, yana da tsada a kowace na'ura, bai kamata a riƙa gina saƙon ƙararrawa a kowane zagaye ba alhali ƙararrawar ba ta tashi ba. Lissafin kusurwa da tushen lamba a tsofaffin CPU yana da nauyi, kuma abin da amsarsa ba ta canjawa a lissafa shi sau ɗaya a farkon tashi. Ka kuma nemi gawarwaki: sassan injin da aka cire shekarun baya amma bulok ɗinsu yana nan ana kiransa.

Mataki na bakwai: idan zagayen ya gyaru amma amsar ba ta zo ba

Lokacin amsawa tarin jinkiri ne. Akwai na sensar kanta, da matatar ƙofar shiga, wadda a S7-1200 ake tarar da ita a milisakan 6.4, da lokacin sabunta netwok idan modul ɗin yana nesa, da zagaye ɗaya zuwa biyu, domin siginar da ta iso jim kaɗan bayan an karanta ƙofofi sai ta jira zagaye na gaba, sannan ƙofar fita, wadda idan rile ce takan ci wajen milisakan 10, sannan bawul ɗin. Ka rubuta su duka ka tara, za ka ga wanda ya fi girma.

Tsarin layuka ma yana da tasiri. Idan layi na 80 ne yake samar da abin da layi na 20 yake buƙata, sai an sake zagayowa. Sarƙa mai irin wannan komawa baya sau huɗu ta ci zagaye huɗu a banza.

Sensa mai tsallake kaya kuwa lissafinta a fili yake. Bel mai gudun mita ɗaya a sakan, kaya mai faɗin milimita 20, siginar milisakan 20 ce. Zagaye na milisakan 30 dole ya riƙa rasa wasu. Kana iya matse zagayen, amma hanyar da ta fi tabbas ita ce ƙidaya mai sauri ta cikin na'ura ko saitin kama gajeren sigina, waɗanda ba su dogara da zagaye ba.

Layin sadarwa na Modbus RTU shi ma yakan sa a zargi PLC. A gudun bit 9600 a sakan kowane bayit yana cin kusan milisakan 1.15. Karanta rajista 10 tambaya ce ta bayit 8 da amsa ta bayit 25, wajen milisakan 38 ke nan ban da shirun da ke tsakani da lokacin da na'urar take ɗauka ta amsa. Inbata 20 a layi ɗaya sun kai sakan guda kafin a zagayo kan ta farko. Idan ɗaya ta mutu, ana jiranta sakan ɗaya ana sake gwadawa sau biyu, kowa ya ƙara jiran sakan uku. Ka sa manhajar ta ajiye wadda ba ta amsawa a gefe, ta riƙa leƙa ta jefi-jefi.

Mataki na takwas: gyara ɗaya, awo ɗaya

Ka canja abu ɗaya, ka share lambar mafi tsawo, ka auna, ka rubuta. Idan ka canja biyar a tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba, kuma idan wani abu ya lalace ba za ka san wanda za ka mayar ba. Ka gwada a yanayi mafi muni: sauya nau'in kaya ana cikin gudu, ƙararrawa da yawa a lokaci guda, dawowar wuta, da cire wata tasha daga netwok.

Sai bayan haka za ka koma kan maigadi. Ka sa shi sama da mafi tsawon zagayen da ka auna da rata mai ma'ana, amma ƙasa da lokacin da injin zai iya zama babu mai kula da shi ba tare da ɓarna ba. A S7-300 da S7-1500, wuce iyaka yana kiran OB80, idan babu shi CPU ta tsaya, kuma ko yana nan, zagayen da ya ninka iyakar yana tsayar da ita. Umarni irin su RE_TRIGR da suke sake tayar da agogon suna da wurinsu a aikin farkon tashi mai tsawo, amma sa su cikin madauki hana maigadin aikinsa ne. Sayen CPU mafi ƙarfi kuwa yana da hujja idan ka bi duk matakan nan ka tarar nauyin a shimfiɗe yake ko'ina, babu wani sashe da ya fita daban.

Kuma ka sa ido sosai a awannin farko bayan zagayen ya ragu, domin saurin kansa yana tono abin da jinkiri ya binne. Tsofaffin manhajoji da yawa suna ƙirga zagaye a madadin lokaci: a ƙara ɗaya a kowane zagaye, idan ya kai 50 a buɗe bawul. A zagayen milisakan 40 wannan sakan biyu ne, a na milisakan 10 ya koma rabin sakan. Haka siginar da ake kunnawa na zagaye ɗaya tak don wata na'ura ta gani, da tana da tsawon milisakan 40, yanzu ta koma 10, ɗaya ɓangaren ya daina ganinta. Ka bincika duk ƙidayar da take ƙaruwa ba tare da jiran sigina ta sauya ba ka mayar da ita taima ta gaske, siginar zagaye ɗaya kuma ka riƙe ta a kunne har sai ɗaya na'urar ta amsa cewa ta karɓa.